DARASI: LIKITAN GIDA DA RIGAKAFIN CIWON ZUCIYA DA CIWON SUKARI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba mu jiki amana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Gabi da kewaye, sau nawa muka sallaci magidanci wanda jiya yana sahu tare da mu, aka ce ya faɗi a gona, ko ɓarin jikinsa ya shanye? Mukan ce ajali ne, kuma gaskiya ne. Amma sau da yawa hawan jini ko ciwon sukari sun daɗe suna cinsa a ɓoye, ba a taɓa auna shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 18.

WANE NE LIKITAN GIDA?

A Faransa da Ingila kusan kowane iyali yana da likitan da ya san su, ya san ciwon da ke bin zuriyarsu. Mu a nan, wanda yake tsaye a wannan matsayi shi ne likita ko malamin jinya na asibitin da ke kusa da mu. Shi ke ganinmu yau da gobe, shi ke aika mu asibitin Madarunfa ko na Maradi idan abu ya fi ƙarfinsa. Kuskurenmu shi ne ba mu zuwa wurinsa sai an ɗauke mu a amalanke.

SU WA YA KAMATA SU FARA ZUWA?

Wanda ya haura shekara 40. Wanda uwa ko uba ko ɗan'uwansa ya yi ɗayan cututtukan nan. Mai ƙiba, musamman mai tumbi. Mai shan taba. Mai wuni zaune a kasuwa. Da matar da ta yi hawan jini ko sukari da juna biyu, ko ta haifi jariri da ya wuce kilo 4.

AIKIN LIKITA

Na farko, awo. Idan ƙarfin bugun jini ya kai 140 bisa 90, wato abin da ake ce wa 14/9, a ranaku biyu dabam, to hawan jini ne. Idan sukarin jini kafin karin kumallo ya kai giram 1,26 a lita har sau biyu, to ciwon sukari ne. Hawan jini yana sa zuciya wahala, yana raunana jijiyoyin ƙwaƙwalwa har su toshe ko su fashe. Sukari kuwa yana lalata ido da ƙoda da ƙafa, yana kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya.

Na biyu, nasiha. Gishirin da babba zai ci a wuni kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. A rage sukarin shayi da na fura da lemun kwalba. A riƙe wake da zogale, wanda Allah ya hore mana a lambunan Jiratawa. A motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Tafiya masallaci da gona a ƙafa tana cikin lissafi. Binciken da aka bayyana a ƙasar Finlan a 2001 da Amurka a 2002 ya nuna cewa gyaran abinci da motsa jiki sun rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin 100 ga waɗanda ke dab da shi.

Na uku, bibiya. Maganin hawan jini ba na kwana uku ba ne. Wanda ya ji sauƙi ya daina sha, ko ya koma ga ƙwayoyin talla na kasuwa, ya jefa kansa cikin haɗari.

MATSAYIN SHARI'A

Malamai irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kiyaye: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana ɓarna. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya koyar da raba ciki uku: abinci, ruwa da numfashi. Sayyidina Umar (RA) ya juyo daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, ya kuma nuna wa sahabbai cewa juyowar ma ƙaddarar Allah ce. Saboda haka awo bai saɓa wa tawakkali ba.

Haka nan mai ciwon sukari ya nemi shawarar likitansa tun cikin Sha'aban. Idan ya ce azumi zai cutar da shi, to ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba marar lafiya rangwame, kuma karɓar rangwame ba raunin imani ba ne.

KIRA

Muna kira ga magidanta su je a auna su, su kuma bar matansu su je, domin haƙƙi ne a wuyansu. Ƴaƴa su raka tsofaffinsu, su riƙa adana takardar awo. Limamai su tunatar a huɗuba, musamman ranar 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya, da 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari. Kuɗin awo kaɗan ne idan aka gwada shi da jinyar shanyewar jiki, wadda kan cinye rumbu da awaki, ta bar iyali da bashi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani. Amin.