Darasi na 14: Allura Ɗaya, Magani Biyu

Jama'a, yau karatunmu a kan maganin ciwon sukari ne.

In mun ci tuwo, jikinmu yakan mai da shi sukari, ya shiga jini. Akwai wani ruwa da Allah ya halitta a jikinmu, sunansa insulin. Shi ke kai sukari daga jini zuwa tsoka, mu sami ƙarfi. In ya kasa, sai sukari ya taru a jini. Mutum ya riƙa jin ƙishirwa, yana yawan fitsari, yana ramewa.

A shekarar 1921 masana a ƙasar Kanada suka gano insulin. A 1922 aka fara yi wa masu ciwon allurarsa.

Insulin iri-iri ne. Akwai mai sauri, akwai mai jinkiri. Mu tuna da murhu. Kara yakan kama nan da nan, ya cinye. Gungume kuwa yakan daɗe yana ci. Mai sauri shi ne kara, yana maganin sukarin abincin da aka ci yanzu. Mai jinkiri shi ne gungume, yana tsare jini wuni ko dare.

Akwai kwalbar da aka haɗa su biyu. Cikin kashi 100, mai sauri 30 ne, mai jinkiri 70. Ruwanta fari-fari ne kamar tsala. Sai a murza ta a tafin hannu kafin a zuƙa, don su gauraya. Yawanci sau 2 ake yi, safe da yamma, kamar rabin sa'a kafin cin abinci.

To, ga abin kiyayewa. Allura ba ta san ko mun ci ko ba mu ci ba, aikinta kawai take yi. Wanda ya yi ta, ya tafi gona bai karya kumallo ba, sukarinsa zai faɗi. Zai ji gumi, da rawar jiki, da jiri. Maza ya sha sukari ƙaramin cokali 3 cikin ruwa, sa'an nan ya ci abinci. In har ya suma, kada mu ɗura masa kome, mu gaggauta kai shi asibiti.

Likita kaɗai ke yanka yawan allura. Mai niyyar azumi ya fara neman shawararsa. Kwalba kuwa a ajiye ta wuri mai sanyi, kamar gindin randa.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin insulin?
2. Don me ake murza kwalba?
3. Me zai sami wanda ya yi allura bai ci abinci ba?