Wa Zai Biya Kuɗin Maganin Tsoho?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu.

Bayan haka, manomin da ya tsufa a Zinyau, cikin ƙasar Rano, ko a ƙauyukan Kibiya, ba shi da fensho. Idan hawan jini ko ciwon sukari ya kama shi, magani ya zama kamar tuwo, ba a tsallake rana. To, wa shari'a ta ɗora wa wannan nauyi?

Na farko, 'ya'yansa. Suratul Isra'i, aya ta 23, ta haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita Allah, ta kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. A mazhabar Malikiyya, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mawadaci, namiji ko mace, gwargwadon samunsa. Ba ya halatta ya biya wannan wajibi da zakkarsa.

Na biyu, jama'a. Tsohon da ba shi da mai ɗaukar nauyinsa yana cikin matalautan da Suratut Tauba, aya ta 60, ta ba haƙƙi a zakka. Dawa ko masarar da ruwan sama ya shayar, in ta kai nisabi, ana fitar da kashi ɗaya cikin goma. Hubusi ma hanya ce: da dukiyar waƙafi aka gudanar da asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a shekarar 1284.

Na uku, hukuma. Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya yanka masa rabo daga baitulmali. A Nijeriya, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya a matakin farko. Jihar Kano kuwa ta yi dokar asusun taimakekeniya na lafiya a 2016.

Saboda haka ya kamata 'ya'ya su keɓe kuɗin magani tun da kaka, kafin a sayar da hatsi. Limamai da masu unguwa kuma su san tsofaffin da ba su da kowa, su kai su asibiti a yi musu rajista. Wanda ya raina tsoho yau, shi ma yana kan hanya.

Allah Shi ne mafi sani.