Man Mota daga Ruwan Rake

Ya kamata mai karatu ya sani cewa yistin da ake zubawa a ƙullun burodi halitta ce mai rai, kuma sukari ne abincinta. In aka zuba ta a ruwan rake aka toshe iska, sai ta cinye zaƙin, ta fitar da kumfa da wata barasa da masana ke kira itanol. Da barasar ta kai wajen kashi 15 cikin ɗari, ita da kanta take kashe yistin, don haka sai a ɗora ruwan a wuta. Itanol yana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai 100, shi ya sa tururinsa ke riga tashi, a tare shi, a sanyaya, a sake tacewa har ya zama man da inji zai ƙona.

Aikin yisti ke nan a ko'ina, amma ribar tana ga amfanin gonar da aka ba shi. Bayan tsadar fetur ta 1973, gwamnatin Barazil ta kafa shirin Proálcool a 1975, a 1979 aka fito da motar Fiat 147 mai shan itanol zalla, daga 2003 kuma aka sami motoci masu karɓar fetur ko itanol. Rake ne ya ɗauki nauyin wannan nasara, domin zaƙinsa a shirye yake, tuƙarsa kuma ita ake ƙonawa a dafa ruwan, har a sayar da rarar lantarki. Amurka da ke amfani da masara sai ta fara mayar da sitaci sukari, wanda ƙarin wahala ne da kuɗi.

Wani zai ce ai itanol giya ce. Asalinsu ɗaya, ba musu, amma wannan ta tanki ce, ana kuma gauraya ta da abin da zai hana shan ta. Wani zai ce ba ta nisa kamar fetur. Gaskiya ne, ƙarfin lita ɗaya bai wuce kashi biyu cikin uku na fetur ba, sai farashinta ya yi ƙasa sosai take biya. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na abinci da kasuwa. A 1989, da sukari ya yi daraja a duniya, masana'antun Barazil suka karkata gare shi, masu motocin itanol suka yi ta layi a gidajen mai. Ita kuwa Nijeriya, har yanzu yawancin sukarin da take sha daga waje ake kawo shi, mafi yawa ma daga Barazil ɗin.