CACA A TSAKIYAR TEKU: SHIN BIYAN HARAJI YANA WANKE KUƊIN?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, darasinmu na yau a kan wata caca ce mai riga mai kyau: gasar kartar da ake kira poka a cikin manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, irin waɗanda ke tashi daga Miyami ta Amurka zuwa tsibiran Bahamas. Na zaɓe ta ne saboda 'yan uwanmu mazauna can suna shiga waɗannan jiragen da iyalansu, kuma shubuhohin da ke cikinta su ne dai na cacar waya da ta addabi matasanmu.

Mu fara fahimtar yadda abin yake. Galibi gidan cacar jirgi a rufe yake matuƙar jirgin yana tasha. Sai ya yi nisa cikin teku ake buɗewa, domin yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta iyakance ruwan kowace ƙasa ga mil 12 na teku daga gaɓarta. Yawancin jiragen kuma rajistarsu a ƙasashe irin su Bahamas da Panama take. A gasar, kowa zai biya kuɗin shiga, gidan caca ya cire kasonsa, ragowar a tara. Waɗanda suka kai ƙarshe, 'yan kaɗan, su raba. Sauran su tashi hannu wofi.

Shubuha ta farko: wai a tsakiyar teku ba dokar da ta hana. To, dokar wa? Iyakar mil 12 mutane ne suka shata wa junansu. Haramcin caca yana cikin Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, an haɗa ta da giya, an kuma faɗi illarta: tana haddasa gaba da ƙiyayya, tana kange mutum daga ambaton Allah da salla. Ba a ware tudu an bar ruwa ba.

Ta biyu: wai poka ƙwarewa ce. Na yarda akwai lissafi da karantar fuskar abokin wasa. Amma ma'aunin malamai a fili yake: kowa ya zuba dukiyarsa, kowa yana tsakanin ya ci ta wani ko a ci tasa, a kan abin da ba a san ƙarshensa ba. Gwani ma ba shi ke zaɓar katin da zai faɗo masa ba.

Ta uku ita ce ta haraji, kuma ita ta fi ruɗar mutane. A Amurka duk abin da aka ci a caca kuɗin shiga ne da dole a bayyana wa hukumar haraji ta IRS, kuma ɗan ƙasa yana biya a kan abin da ya samu ko'ina a duniya, har cikin teku. A shekarun baya ƙa'idar ita ce idan ribar gasar poka ta haura dala 5,000 bayan cire kuɗin shiga, gidan caca ya cike fom mai suna W-2G. Ko ba a ba ka fom ba, bayyanawa tana kanka. Baƙo kuwa, kamar ɗan Najeriya da ya ci gasa a gidan caca cikin Amurka, ana yanke masa kashi 30 cikin 100 tun kafin kuɗin su taɓa hannunsa. Wata doka ta 2025 ma ta ce daga 2026 kashi 90 cikin 100 na asara kawai za a ɗebe: wanda ya ci dala 10,000 ya kuma yi asarar 10,000, zai biya haraji a kan dala 1,000 da babu ita a aljihunsa.

Sai mutum ya ce, ai gwamnati ta karɓi nata, saura halaliyata. A'a ɗan uwa. A Ingila ba a cajin wanda ya ci caca ko sisi, kamfanonin ake caja. Da haraji ne ke halattawa, da kuɗi iri ɗaya sun zama halal a wannan ƙasa, haram a waccan. Haraji kason hukuma ne, ba ya sauya asalin dukiya. Zakka ma ba ta wanke haram.

To wanda ya riga ya faɗa fa? Ya tuba, ya daina. Kada ya ɓoye wa hukuma, don ƙarya a takardar haraji wani zunubi ne a kan zunubi, ga tara, ga yiwuwar ɗauri. Abin da ya rage na ribar ya rabu da shi. Malamai da yawa sun ce a zuba shi a maslahar jama'a ko a ba mabuƙata, da niyyar tsarkake kai. Ya kuma zauna da malamin da ya yarda da shi, ya warware masa lamarinsa dalla-dalla.

Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu da zuriyarmu daga haram. Wallahu a'alam.