DARASIN GYARAN MOTO: IDAN BUJI YA SAKI

A ƙauyukanmu, daga Dakwaro zuwa Magariya, moto ya zama jakin zamani. Shi ke kai albasa kasuwa, shi ke kai mai naƙuda likita cikin dare. Amma abu ƙarami kamar ɗan yatsa yana iya tsaida shi a tsakiyar daji. Wannan abu shi ne buji.

Mene ne aikin buji?

Buji yana ɗaure a kan inji, wurin da masu gyara ke ce ma kilas. Aikinsa na fari, ya ba da tartsatsin wuta don isansi da iska su kama cikin inji. Na biyu, ya toshe raminsa sosai don kada ƙarfin inji ya fita. Zafin buji kuma ta jikin kilas yake fita. In ya saki, ƙarfi ya zube, zafi ya taru.

Me ke sa ya saki?

1. An ɗaure shi da hannu kawai, ba a sa kile ba.
2. Zoben ƙarfen da ke gindinsa ya faɗi ko ya lalace.
3. Girgizar hanyar tsakuwa ta kwance shi kaɗan-kaɗan.

Yaya ake ganewa?

Moto yana wuyar tashi. Ba ya da ƙarfi cikin rairayi ko wajen hawan tudu. Ana jin iska na fita daga kan inji, tsit-tsit-tsit. Ana ganin baƙin hayaƙi ya ɓata gindin buji. Mai moto ya fara duba hular buji tukuna. Sau da yawa ita ce ba ta zauna daidai ba, buji kuwa lafiya lau.

Yadda ake gyara

1. A kashe inji, a bari ya huce sarai. Inji mai zafi yana ƙona hannu, haƙoran raminsa kuma ba su da wuyar lalacewa.
2. A cire hular. A kama hular kanta, kada a ja waya.
3. A hure ƙasar da ke kewaye da buji. Rairayin da ya faɗa cikin inji yana cin fiston.
4. A gwada juya buji da yatsu. In ya juya, ya saki ke nan.
5. A fidda shi, a duba zobe da haƙora. A duba bakinsa: launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ne. In ya yi fari fat, zafi ya yi masa yawa.
6. A maida shi da hannu, sannu, har ya zauna. In ya cije tun daga farko, ya karkace. A kwance, a sake.
7. Sai yanzu za a sa kile. Kilen buji lamba-lamba ne: 16, 18 ko 21. Kowa ya san lambar nasa.

Ɗauri nawa ya isa?

A tuna da fuskar agogo. In buji sabo ne da sabon zobe, a juya kile rabin zagaye, kamar daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 6. In tsohon buji ne aka maida, zobensa ya riga ya kwanta. Juyi kaɗan ya isa, kamar daga 12 zuwa 1. Kada a taka kile da ƙafa, kada a ƙara masa bututu. Kilas na alminiyom ne, irin ƙarfen tukunyar da maƙera ke zubawa. Buji ya fi shi tauri. Ɗaurin ƙarfi yana cinye haƙoran rami.

In haƙoran rami sun cinye fa?

Buji zai yi ta juyawa ba ya kamawa. Waɗansu suna naɗa masa tsumma, leda ko waya. Wannan ba gyara ba ne. Inji yana iya harbo buji waje ana cikin tafiya, zafi kuma yana iya huda fiston. A kai moto wurin mai gyara. Zai sa wa ramin sababbin haƙora, ko ya canza kilas. Kuɗin kilas ya ninka na buji sau da yawa.

Abin tunawa

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kafin doguwar tafiya, mai moto ya taɓa bujinsa da safe, inji na sanyi. Ya riƙe kile da sabon buji guda cikin jakarsa. Hannu da fari, kile daga baya.

Tambayoyi don masu yaƙi da jahilci

1. Don me ake hure ƙasa kafin a fidda buji?
2. Juyi nawa ake yi wa sabon buji? Tsoho fa?
3. Kowane ɗalibi ya rubuta alamu 3 na bujin da ya saki.