Ido da Kunne: Yadda Ake Naɗar Darasin Kwamfuta Haɗe da Murya

Gabatarwa

Malami guda a Kibiya ko Rano zai iya koya wa ɗaliban makarantu da dama rubuta umarnin kwamfuta ba tare da ya taka ƙafa ya je ba, muddin ya iya naɗar abin da ke allon kwamfutarsa haɗe da muryarsa. Irin wannan darasi yakan bi daga waya zuwa waya ko da babu intanet. Sai dai wahalar takan tashi a banza idan ba a kula da yadda ɗan Adam ke ɗaukar ilmi ba.

Ƙofofi Biyu

Darasi na shiga ƙwaƙwalwa ta ido da ta kunne, kowace ƙofa kuwa da iyakar abin da za ta ɗauka a lokaci guda. Richard Mayer na Jami'ar Kaliforniya ya nuna cewa hoto da bayanin baki ya fi hoto da dogon rubutu zama a ƙwaƙwalwa, domin na biyun ido kaɗai yake jibga wa kaya. Bugu da ƙari, binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka yi a 2014 ya gano cewa ɗalibai kan fara watsar da bidiyon darasi idan ya zarce minti 6.

Naɗa

A zaɓi mas'ala guda. Alal misali, akwai ƙwayar bakteriya da ke rabuwa biyu duk minti 20 idan ta sami yanayi mai kyau. A harshen kwamfuta na Python, layi kaɗan ya isa a lissafa cewa cikin awa 6 ƙwaya ɗaya za ta zama 262,144.

Malami ya fara tsara bayaninsa a takarda da Hausa. Sannan ya ƙara girman haruffa, saboda a waya za a kalla. Manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce, za ta naɗi allo da murya tare. Ya nemi ɗaki nesa da janareto, ya kuma faɗi aikin kowane layi daidai lokacin da yake rubuta shi.

Tacewa

Manhajar Audacity tana rage hayaniyar da ta shiga murya. A yanke tari da dogon shiru, amma a bar ɗan numfashi bayan kowane mataki. Idan kwamfuta ta nuna kuskure, kada a yanke wurin; ganin yadda ake gyara shi babban darasi ne.

Aiki

Malami ya naɗi darasin minti 5, ya ba ɗalibi ya saurara allo a rufe, sannan ya kalla murya a kashe. Inda ɗalibin ya rikice, nan ke bukatar gyara.