Amsoshin Wasiƙunku: Lasin Tuƙi Sai da Gwaji



Wasiƙar farko daga Kajiji ta fito, a ƙaramar hukumar Shagari. Wani bawan Allah ya ce ya daɗe yana yaron mota a hanyar Sakkwato zuwa Jega, hannunsa ya faɗa. Wani ya ce masa ya kawo kuɗi da hoto, a kai masa lasin har gida. Yana tambaya ko hakan ya yi.

Ɗan'uwa, bai yi ba. Duk lasin da ba ka je da ƙafarka an ɗauki hotonka da zanen yatsunka ba, jabu ne. Ga hanyar gaskiya. Sai ka cika shekara 18, ka mallaki lambar NIN, ka shiga makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta amince da ita. Daga nan jami'an duba motoci, VIO, su gwada ka. In ka ci, ka biya kuɗin gwamnati, a ba ka na wucin gadi na kwana 60 kafin na ainihi ya fito, mai shekara 3 ko 5.

Maigidanka ya koya maka sitiyari da giya, Allah ya saka masa. Amma gwaji ne ke tabbatar da ka san alamomin hanya, ka san ba a wuce mota a kwana, kuma gudun cikin gari ba ya haura kilomita 50 a awa. Rayukan fasinja amana ce a wuyanka.

Sai wata baiwar Allah daga Bodinga, ta ce ɗanta yana kabu-kabu, shin shi ma sai da lasin? Ƙwarai kuwa, Hajiya. Na babur shi ne rukunin A. Ki kuma matsa masa ya riƙa sa hular kwano.

Kiranmu ga hukuma, a kusanto da wuraren gwaji ga mutanen karkara, kuma wanda ya faɗi a ce masa ya faɗi, ko ɗan wane ne.

In an yi haɗari, ku kira FRSC a lamba 122. Ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. Allah ya kiyaye hanya, a huta lafiya.